GONAR DA KE CIKIN HANJINMU

Darasi domin zumuntar mata, da matasa, da masu gida. Kafin a soma, a karanta Luka 11:24-26 da Kubawar Shari'a 23:12-14.

Darasinmu na wannan wata ya shafi wani abu wanda ba a cika ambatonsa a gaban manya ba, balle a ɗakin sujada. Muna roƙon iyayenmu da dattawan ekklesiya su gafarce mu. Amma Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Zawo yana ɗauke mana yara da tsofaffi, musamman da damina, saboda haka bai kamata kunya ta rufe mana baki ba.

Ga labarin. A ƙasashe da dama likitoci suna warkar da wani mugun zawo ta wurin karɓar bayan gida na mutum mai lafiya, su gwada shi, su tace shi, su sa cikin hanjin marar lafiya. In wannan magana ta shiga kunnen jama'a, wani zai ce ƙarya ce ko kuwa abin ƙyama, wani kuma zai ce bari ya gwada a gida. Dukansu biyu sun ɓata hanya, amma na biyun yana iya kashe rai. Bari fa mu bi maganar a hankali.

1. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba

Cikin hanjin kowane ɗan Adam akwai ƙananan halittu masu rai waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Ana ce da su bakteriya. A 2016 waɗansu masana a ƙasar Isra'ila suka yi lissafi, suka ce babban mutum yana ɗauke da wajen tiriliyan 38 nasu, yawancinsu kuwa a babban hanji su ke zaune. In aka tara su duka aka auna, nauyinsu wajen giram 200 ne. Iri-iri ne kuma, ɗaruruwa cikin mutum ɗaya.

Mun saba jin cewa ƙwayoyi cuta su ke kawowa. Gaskiya ne ga waɗansu. Amma mafi yawan waɗanda ke cikin hanjinmu ma'aikata ne. Su ne ke narkar da abin da cikinmu ba ya iya narkarwa, kamar dusar hatsi da ɓawon wake da zaren ganye, su fitar da abin da ke ciyar da bangon hanji. Suna yin waɗansu sinadaran gina jiki. Suna horar da garkuwar jiki ta san aboki daga abokin gaba. Kuma suna cika wuri, har muguwar ƙwaya in ta shigo ta rasa inda za ta kafa saiwa.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Bafulatana takan zuba ɗan tsohon nono cikin sabuwar madara domin ta yi barci ta zama kindirmo. Mai daddawa takan lulluɓe dafaffiyar kalwa ta bar ta kwanaki. Dukansu biyu aikin bakteriya masu amfani su ke jira. Jariri kuwa daga wurin uwarsa ya ke samun iri na fari, tun lokacin haihuwa. Cikin nonon uwa ma akwai wani irin sukari wanda jaririn kansa ba ya iya narkarwa, na ƙwayoyin hanjinsa ne. Dubi hikimar Mahalicci, wanda ya shuka gona cikin yaro, ya kuma tanada mata taki tun ran da aka haife shi.

2. Yadda gonar ke lalacewa

A 1928 Alexander Fleming ya gano fenisilin a birnin Landan, daga shekarun 1940 kuwa magungunan kashe ƙwayoyin cuta, wato antibayotik, suka bazu ko'ina cikin duniya. Muna godiya ga Allah dominsu, gama sun ceci masu ciwon huhu da sanƙarau da matan da zazzaɓi ya kama bayan haihuwa. Amma manoman Dayi da Malumfashi da Funtua sun san halin maganin feshi. Akwai irin da ba ya tambayar wace ce ciyawa, wace ce masara, duk abin da ya tarar kore sai ya ƙone shi. Haka yawancin waɗannan magunguna su ke cikin hanji. Suna kashe mai laifi, su haɗa da ma'aikata masu yawa.

A wurin mutane da yawa gonar takan farfaɗo bayan makonni ko watanni. A wurin waɗansu kuwa wata muguwar ƙwaya ce ke riga kowa cika filin. Likitoci suna ce da ita Kilostiridiyum difisil, mu kuwa za mu taƙaita mu ce Difisil. A 1935 aka fara ganinta a Amurka cikin bayan gida na jarirai masu lafiya, aka ba ta wannan suna mai ma'anar "mai wuya" da Latin, domin ta yi wuyar renuwa a ɗakin gwaji. Sai a 1978 aka tabbatar ita ce ke kawo kumburin hanji da zawo mai tsanani bayan shan antibayotik. Ta fi kama tsofaffi da waɗanda suka daɗe a gadon asibiti.

Halinta halin wuta-wuta ne. Kowane manomin dawa ya san wuta-wuta ta fi ƙarfi a gonar da ta gaji, wadda ba ta ga taki ba, kuma irinta yana iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10 yana jira. Difisil ma takan shiga wani ƙoƙo mai tauri ta yi kwanto, magani ya wuce ta kanta. In aka ba marar lafiya wani antibayotik domin ya kashe ta, zawon ya tsaya, amma gonar ta ƙara zama fili. Da an daina maganin sai ta farka. Wajen mutum 1 cikin 5 ciwon yakan komo masa, wanda ya komo wa sau ɗaya kuwa ya fi zama cikin hatsarin komowa na biyu da na uku. A Amurka kaɗai an ƙiyasta cewa cikin shekarar 2011 ta kama mutum wajen 453,000, wajen 29,000 kuma suka mutu cikin wata guda bayan an gano ciwon a jikinsu.

Kada mu ruɗe. Mafi yawan zawon da ke damunmu a ƙauyuka daga gurɓataccen ruwa da abinci ya ke zuwa. Gwajin asibiti ne kaɗai ke iya nuna ko Difisil ce.

3. Dashe

In shuka ta yi giɓi bayan ruwan fari, manomi ba ya zuba wa filin ido. Yakan jira ranar da ƙasa ta jiƙa, ya ciro dawa daga inda ta yi yawa, ya dasa inda ta mutu. Abin da likitoci ke yi ke nan, shi ya sa mu ke kiransa dashen ƙwayoyin hanji. Abin da a ke nema cikin bayan gidan shi ne ma'aikatan nan masu rai, domin su sāke cika gonar da ta ƙone, su hana Difisil wuri.

Dabbobi sun riga mu sani. Masu jaki da doki sun sha ganin jaririn dabba yana cin ɗan kashin uwarsa cikin makonninsa na fari. Likitocin dabbobi kuma, in saniya ta daina tuƙa bayan ciwo, sukan ɗebo ruwan tumbin saniya mai lafiya su ɗura mata.

Ga mutane, tsohon labarin daga ƙasar Sin ya fito, inda wani mai magani, Ge Hong, ya rubuta irin wannan magani domin zawo mai tsanani cikin ƙarni na 4 bayan haihuwar Almasihu. A zamanin asibiti kuwa, a 1958 wani likitan fiɗa mai suna Ben Eiseman, a birnin Denba ta Amurka, ya yi wa mutum 4 masu mugun kumburin hanji wannan dashe ta dubura, dukansu suka tashi. Duk da haka aka yi shekaru fiye da 50 yawancin likitoci suna kau da kai, ƙyama kuwa tana cikin dalilan.

Abin da ya juya ra'ayinsu shi ne gwajin da aka yi a Amstadam ta ƙasar Holan, wanda aka buga sakamakonsa a Janairu 2013. An raba masu ciwon da ke ta komowa rukuni-rukuni. Cikin mutum 16 da aka yi wa dashe, 13 suka warke a karo na fari, 2 kuma a karo na biyu, 15 ke nan. Cikin mutum 13 da aka ba maganin da aka saba, mai suna bankomisin, 4 kaɗai suka warke. Bambancin ya yi girma har aka tsai da gwajin kafin lokacinsa, gama ba daidai ba ne a ci gaba da hana sauran abin da aka ga yana ceto.

Ana sa dashen ta siririn bututu wanda ke bi ta hanci zuwa hanji, ko ta dubura, ko cikin kafso wanda a ke haɗiya. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da magani irin wannan na fari, mai suna Rebyota, a Nuwamba 2022, ta kuma amince da na haɗiya, mai suna Vowst, a Afrilu 2023. Dukansu biyu domin hana Difisil komowa ne. Ana gwada dashen ga waɗansu cututtuka dabam, amma a kan Difisil ne aikinsa ya tabbata sarai.

4. Gargaɗi mai nauyi

Yanzu fa a kasa kunne. Abin da ke warkarwa a hannun likita, shi ne ke kisa a bakin rijiya. Ta bayan gida ne amai da gudawa ke yaɗuwa, da zazzaɓin taifot, da atuni, da tsutsar ciki, da shan inna, da wani irin ciwon shawara. A 2021 amai da gudawa ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 3,500, Jihar Katsina kuwa tana cikin waɗanda suka sha wuya. A shekarun 1970 likitoci daga Libaful ta Ingila da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka zauna a Malumfashi suna binciken cututtukan ƙasarmu. Ɗaya daga cikin manyan abin da suka bi shi ne tsargiya, wadda ke komawa cikin kududdufi da rafi ta fitsarin mai ciwon. Abin da ya fita daga jiki, in ya koma ruwan jama'a, cuta ya ke haifarwa.

Domin wannan likitoci ba su karɓar bayan gidan kowa. Ana yi wa mai bayarwa tambayoyi masu yawa, a gwada jininsa domin ƙanjamau da ciwon hanta, a gwada bayan gidansa domin tsutsa da ƙwayoyin cuta iri-iri. Wani ma'aji mai suna OpenBiome, wanda aka kafa a Amurka a 2012, ya sanar cewa cikin mutum 100 da suka zo bayarwa, waɗanda ya karɓa ba su kai 3 ba. Duk da wannan tsanani, a 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta ba da sanarwa cewa mutum 2 masu raunin garkuwar jiki sun kamu da ƙwayar da ba ta jin magani ta hanyar dashe, ɗaya ya mutu. In haka ya faru inda akwai kayan gwaji, me zai faru a ɗakin soro ko a rumfar mai magani a kasuwa?

Shari'ar da Allah ya ba Isra'ila ta hannun Musa tana nan da hikimarta. Ya umarta a keɓe wuri a bayan zango, kowa ya riƙe abin tono cikin kayansa, ya haƙa rami, ya rufe abin da ya fita daga gare shi, dalili kuwa shi ne Ubangiji yana tafiya a tsakiyar zangon. Sabon ilimin likitoci bai soke wannan ba ko kaɗan.

5. Gonar da muka gāda

Ga abin ƙarfafawa. A 2010 masana daga Italiya suka gwada hanjin yara 14 na ƙauyen Bulfon a Burkina Faso da na yara 15 na birnin Fulorans. Abincin yaran ƙauyen irin namu ne, gero da dawa da wake da ganye. Aka tarar gonar cikinsu ta fi yawan iri, ta fi fitar da abin da ke ciyar da bangon hanji, dangin ƙwayoyin da ke kawo atuni kuma sun fi ƙaranci a cikinsu. Ashe tuwon dawa da miyar kuka ba abin rainawa ba ne.

Amma yunwa ma tana ɓata gona. A Malawi aka bi tagwaye 317, aka buga sakamakon a 2013. An ɗauki ƙwayoyin hanjin yaro mai tamowa irin ta kumburi, da na ɗan'uwan tagwaicinsa mai lafiya, aka dasa wa ɓeraye waɗanda aka rena ba ƙwaya ko ɗaya a cikinsu. Ɓerayen da suka karɓi na mai tamowa, aka kuma ba su abinci marar gina jiki, suka rame ƙwarai. Daga wannan bincike aka ci gaba har aka haɗa wani abinci a Bangaladesh domin gyara gonar yara masu rama, an kuwa nuna a 2021 cewa ya taimaki girmansu. Abin da ke ciki shi ne garin waken suya, da garin gyaɗa, da wani irin wake, da ɗanyar ayaba. Biyu na farin nan muna noma su a bayan gidajenmu.

6. Abin da ya wajaba a kanmu

Na ɗaya, kada mu sha kafso sai ma'aikacin lafiya ya rubuta. Waɗanda a ke tallarsu a faranti a kasuwa da tashar mota, a sayi biyu ko uku domin mura ko gajiya, suna ƙone gona a banza, gama antibayotik ba ya kashe mura. Garin neman gira a rasa ido ke nan. A Madarunfa ta jihar Maraɗi, daga 2012 zuwa 2013, likitoci suka gwada yara wajen 2,400 masu tamowa mai tsanani. Dukansu sun sami abincin jinya, rabi aka ƙara musu amoksisilin, rabi ba a ƙara ba. Waɗanda suka warke 66 ne cikin 100 a rukuni na fari, 63 a na biyu, ko da ya ke maganin ya rage yawan waɗanda aka kai gadon asibiti. In likitoci sun yi shekara guda suna auna amfanin magani ɗaya haka, ina ga mu da za mu saya da ka? In kuwa an rubuta mana, mu sha yadda aka faɗa, kada mu raba saura ga maƙwabci.

Na biyu, in zawo ya kama yaro, abin da ke kisa da sauri shi ne ƙarewar ruwan jiki. A ba shi ruwan gishiri da sukari na fakiti. In babu, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin, cikin lita 1 na tafasasshen ruwan da ya huce. A karɓo ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba da nono. In an ga jini, ko ido ya faɗa, ko yaro ya kasa sha, a tafi asibiti nan da nan, ko Malumfashi ko Funtua ko wanda ya fi kusa. Tsohon da zawo ya kama bayan ya sha antibayotik, a faɗa wa likita sunan maganin da ranar da ya sha.

Na uku, kowane gida da kowace ekklesiya su haƙa masai mai murfi, nesa da rijiya kamar mita 30, a kuma ajiye ruwa da sabulu a ƙofarsa. Kashin jarirai ma a zuba shi can. A 2022 aka shaida Jihar Jigawa ta zama ta fari a Nijeriya da ta rabu da bayan gida a fili. Abin da maƙwabtanmu suka iya, mu ma ma iya.

Na huɗu, mu riƙe abincinmu: dawa, gero, wake, gyaɗa, zogale, rama, yakuwa, kuka, daddawa, da nonon da aka dafa madararsa tukuna. Jariri kuwa nonon uwa zalla har wata 6.

Na biyar, kada kowa ya gwada dashen nan a gida, kada kuma ya ba da kuɗinsa ga wanda ya ce yana da shi a kwalba.

7. Gidan da aka share

Ubangijinmu Yesu ya ba da misalin ƙazamin ruhu wanda ya fita daga mutum, ya yi yawo bai sami wurin hutawa ba, ya komo ya tarar an share gidan an gyara. Matta, a sura 12, ya ƙara da cewa ba kowa a ciki. Sai ya ɗauko waɗansu bakwai da suka fi shi mugunta, ƙarshen mutumin ya fi farkonsa muni. Ba mu ce zawo aljani ne ba, ciwo ne na jiki, maganinsa kuma na asibiti ne. Amma abin da likitoci suka koya cikin hanji, Ubangiji ya riga ya koya mana game da zuciya: shara kaɗai ba ta isa ba.

Mutum yakan tuba, ya ƙone layu, ya bar giya, ya rabu da tsofaffin abokai, mu yi murna ranar baftismarsa. Sa'an nan kowa ya koma gidansa. Ba mai ziyartarsa, ba mai koya masa karatu, ba mai zuwa gayyar gonarsa. Bayan wata shida sai mu ji ya koma, har ya fi dā. Gonar da aka ƙone ba a dasa ba, wuta-wuta ce za ta gāje ta. Ruhu Mai Tsarki ne ke cika gida, amma yakan yi aikinsa ta wurin Maganar Allah da addu'a da zumuncin 'yan'uwa masu lafiyar ruhu. Kamar yadda a ke gwada mai bayarwa kuma, haka Bulus ya ce wa Timoti a gwada mutum tukuna kafin a ba shi hidima, Yohanna kuma ya ce a gwada ruhohi. Mai koyarwar da ba a gwada ba yana iya dasa cuta da sunan magani.

A ƙarshe, Allah ya ɓoye warkarwa cikin abin da kowa ke toshe hanci dominsa. Kada fa mu raina kowa cikin jikin Almasihu, ko mai shara ne, ko mai haƙa masai, ko gwauruwar da ke zama a bencin baya. Bulus ya koya wa Korintiyawa cewa gaɓoɓin da a ke gani raunana ne, ba a iya yi sai da su.

Tambayoyi

1. Waɗanne ayyuka huɗu ƙwayoyin hanji ke yi mana?
2. Me ya sa Difisil ke komowa bayan an sha magani?
3. Don me ba za a gwada dashen nan a gida ba?
4. Gida nawa ne cikin ekklesiyarmu ba su da masai, yaushe kuma za mu yi musu gayya?
5. Wa ya tuba a cikinmu bana, wane ne kuma ke ziyartarsa?

Addu'a

Ya Uba Mahalicci, muna yabonka domin ayyukanka waɗanda ido ke gani da waɗanda ba ya gani. Ka ba likitocinmu hikima, ka kiyaye 'ya'yanmu da tsofaffinmu a wannan damina. Ka koya mana tsabta a gida da gaskiya a zuciya. Kada ka bar zukatanmu fili, ka cika su da Ruhunka. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.